Ina son mai da Ta-kitse 'yar ɗakin gwaji a Jazira: me ilimin gado zai yarda da shi, me zai ƙaryata?

Ɗiyar Madani ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina rubuta ƙagaggen labari mai tsawo, irin na zamanin da bai zo ba, kuma ba a fatan ya zo. Wurin Jazira ne ta ƙasar Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, bayan wani kamfani guda ya mallake ruwa da iri da asibiti. Ƙashin bayan labarin tatsuniyar Ta-kitse ce yadda aka fi ba da ita: tsohuwa mai ƙaton sa, sarki ya karɓe ya yanka, aka bar mata kitse, ta adana a ɗaki, kitsen ya zama budurwa, sarki ya aure ta bisa sharaɗin kada rana ta taɓa ta, da ya tafi yaƙi kishiyoyi suka fitar da ita aiki, ta narke.

A nawa tsarin, kamfanin yana ɗibar kitse a jikin matan kambo, wato unguwar leburorin gona, ya ƙera 'yan mata da shi, ya gyara musu ƙwayoyin gado da dabarar yankan DNA da ake kira CRISPR, cikin wata 6 su girma su shiga cirar auduga. Dodo kuma wasu ƙattai ne da aka ƙera domin gadin magudanan ruwa.

Abin da nake nema: ta yaya kitse zai zama mutum a mataki-mataki, wace larura ce ta gaske za ta sa yarinya ta narke a rana, kuma ina ne tsarin nan nawa ya yi ɗoyi? Ba na son wanda ya karanta kimiyya a jami'a ya rufe littafin a shafi na goma yana dariya. Ku faɗa min ba sani ba sabo.

Ɗan Gadarif ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɓangaren da ya fi kama da ƙarya a tatsuniyar, wato kitse ya zama mutum, shi ne ya fi kusa da abin da ake yi a ɗakin gwaji. Wata shidan nan ne ba shi da madafa ko kaɗan, ki soke shi.

Ga yadda aikin yake. Ana zuƙo kitse da allura daga ƙarƙashin fatar ciki, cokali biyu ko uku ya wadatar. A zuba masa sinadarin da ke warware nama, a sa a injin juyi. Mai zai taso sama a zubar da shi, ƙwayoyin halittar da ake nema su kwanta a gindin kwalba. To ki lura, ba kitsen kansa ake so ba, 'yan ƙwayoyin da ke ɓoye a cikinsa ne. Daga nan sai a mayar da su baya su koma kamar na ɗan tayi, waɗanda za su iya zama kowane sashe na jiki. Shinya Yamanaka na Japan ne ya nuna hanyar, a ɓeraye a 2006, a ƙwayoyin mutum a 2007, ta cusa musu ƙwayoyin gado guda 4. Yana ɗaukar mako 3 zuwa 4 a akwatin ɗumi mai digiri 37, ana canja musu ruwan abinci kusan kullum, kuma waɗanda suke juyawa yawanci ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Ƙwayar cuta ɗaya ta faɗa faranti, aikin wata guda ya tafi kwandon shara.

Mataki na gaba shi ne a mai da waɗannan ƙwayoyi su zama ƙwan haihuwa. Katsuhiko Hayashi da abokan aikinsa sun yi a ɓeraye a 2016. A 2023 suka sanar da ɓerayen da aka samu daga uba biyu ba uwa, amma cikin 'yan tayi 630 da aka dasa, 7 kaɗai aka haifa. A mutum ba a kai nan ba tukuna. To wannan ita ce ƙarya guda da mai karatu zai yafe miki: ki ce an kai. Kada ki roƙe shi ta biyu.

Akwai wata hanyar, ta kwafin halitta. A cire cibiyar ƙwan wata mata, a sa cibiyar ƙwayar tsohuwa a gurbinta. Tunkiya Dolly ta 1996 haka aka same ta: ƙwai 277 aka haɗa, 29 suka zama 'yan tayi, ɗaya ta rayu. An yi raƙuma a Dubai a 2009, an yi birai biyu a Shanghai a ƙarshen 2017. Idan kika bi nan, Ta-kitse tagwaiyar tsohuwa ce da ta zo a makare da shekara sittin, fuskarsu ɗaya. Ni da wannan zan ɗauka, don tsohuwa tana kallon ƙuruciyarta ana kai wa sarki. Matsalolinsa sanannu ne: ɓari mai yawa, mabiyiya ta kumbura ba bisa ƙa'ida ba, ɗan ya yi girman da ya wuce kima a ciki, saboda alamomin da ke gaya wa ƙwaya cewa ita ta babban mutum ce ba sa gogewa duka. Ma'ana, bayan kowace Ta-kitse ɗaya akwai mata da yawa da suka ɗauki ciki suka tashi a tutar babu. Mahaifar roba babu ita. Abin da aka yi a Filadelfiya a 2017 shi ne riƙe 'yan raguna bakwaini a jakar ruwa na mako 4, ba rainon ciki daga farko ba. Dole mace ta ɗauka wata 9, dole a yi goyo, dole a yi yaye.

Sai CRISPR. Abu biyu ne: furotin mai yanka da ake kira Cas9, da ɗan jagora mai harafi 20 da ke kai shi inda zai yanka cikin haruffa kusan biliyan 3 na DNA ɗin mutum. Shi yanka kawai yake yi, ƙwayar ce take ɗinke wurin, kuma ɗinkin gaggawa take yi, harafi ya ƙaru ko ya ragu. Shi ya sa lalata ƙwayar gado yake da sauƙi, gyara ta yake da wuya. Abubuwa uku ke lalacewa. Ya yanka wani wuri mai kama da wanda aka nufa. Ko ya yi jinkiri, sai ƙwai ya riga ya rabu, jariri ya fito rabin jikinsa an taɓa rabi ba a taɓa ba. Ko babban yanki ya gutsure ya ɓace. Tagwayen da He Jiankui ya bayyana a Sin a Nuwamban 2018, wanda aka ɗaure shekara 3 a kansu, bayanansa da kansa sun nuna canjin da aka samu ba shi ne aka nufa ba. Kuma ki manta da ƙwayar gadon biyayya ko ta kyau. Tsawo kaɗai, binciken 2022 a kan mutum miliyan 5.4 ya samo wurare kusan 12,000 da ke da hannu a ciki.

Batun narkewa, larura uku na gaske za ki zaɓa a ciki. Ta farko ita ce wadda fata ba ta iya gyara ɓarnar hasken rana, likitoci suna ce mata XP. Tabo-tabo tun kafin shekara 2, ciwon dajin fata sau da yawa kafin shekara 10, ido yana lalacewa. Wannan kisan mummuƙe ne na shekaru, ba na yini ɗaya ba. Ta biyu rashin hanyoyin zufa, daga matsalar ƙwayar gado ta EDA ko EDAR. Mai ita ba ya gumi, zafi ya taru a jiki. Sai dai tana zuwa da gashi tsilli-tsilli da haƙora kaɗan masu tsini, sarki ba zai gan ta ya rikice ba. Ta uku, wadda ta dace da tatsuniyar, ita ce matsalar RYR1, ƙofar da ke sakin sinadarin kalsiyam a cikin tsoka. Ba a ganin komai a fuska. Amma idan abin ya motsa, tsoka ta ƙage ta ƙi saki, zafin jiki ya haura 40 cikin ɗan lokaci, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tsokar ta fara ruɓewa tana zuba cikin jini, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ƙoda ta tsaya. Yawanci iskar sa barci ta tiyata ce ke tayar da shi, amma wasu nau'o'insa aikin ƙarfi cikin zafi yana tayarwa. Don haka kada a ce rana kawai ta taɓa ta. A ba ta turmi da taɓarya da tsakar rana a watan Mayu. Maganinsa dantirolin, miligiram 2.5 a kowane kilo na nauyinta, ta jijiya. Tsohuwar kwalbarsa miligiram 20 ce, kowace sai an kaɗa ta da ruwa mililita 60. Yarinya mai kilo 50 tana bukatar kwalba 7 a karon farko kawai, ana kaɗawa tana mutuwa. Ki tambayi kanki a kabad ɗin wa kwalaben suke.

Baffan Kambo ya amsa:

Ɗiyata, malamin da ya riga ni ya gama da ɗakin gwaji. Ni gona zan yi miki magana, don a nan ne labarin ya fi yin ɗoyi.

Me zai sa kamfani ya ƙera lebura? Ciki wata 9, ciyarwa shekara 12 ko 15 kafin ta cika buhu ɗaya na auduga. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin Jazira, hannun aiki da ƙafarsa yake zuwa. Mutanenmu da suka fito daga ƙasar Hausa da Barno za su Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, da mutanen Darfur da Wadai, su ne suka cika kanabi, wato unguwannin kambo. An zauna a bakin gona ba takardar fili, ɗa ya gaji uba a haka. Rabon kuɗin auduga da aka fi sani a zamanin Turawa, cikin 100, shi ne 40 na manomi mai hawasha, wato gonar da aka yanka masa, 40 na gwamnati, 20 na kamfanin Ingila, har aka mai da aikin na ƙasa a 1950. Mai cira ba ya cikin lissafin, ladan awo yake karɓa. Kamfanin da ya gaji wannan ba zai kashe ko fam ɗaya wurin ƙera abin da yunwa take kawo masa kyauta ba. Ki nemo wa Ta-kitse wani amfanin da kuɗi ba sa saya a kasuwa. Matan kambo kuwa aikinsu a labarin shi ne ɗaukar cikin nan da aka faɗa.

Yadda za a sa su yarda ma ba sai da bindiga ba. Akwai shel. Ɗan kasuwa ya ba ka dawa ko kuɗi lokacin da rumbu ya ƙare, ka biya da amfanin gona a kaka, a farashin da ya yanke tun ran da kake cikin matsi. Bana ba ka cika ba, baɗi ka fara da bashi. Ki mai da shi shel na ciki: buhu kaza yanzu, mahaifar ɗiyarka in ta balaga. Wanda ya san Jazira ba sai kin yi masa bayani ba.

Ki kuma san ƙasar da kike rubutu a kai. Jazira da ƙarinta na Manakil sun haura fadan miliyan 2, fadan ɗaya murabba'in mita 4,200. Ba injin da ke tura ruwan, gangarowa yake yi da kansa daga Sinnar: babbar magudana, ta ba manya, su ba tur'a, wato ƙaramar magudana, tur'a ta ba abu ishirin, shi ya shayar da nimra, wato jerin gonaki mai fadan 90, sannan abu sitta ya shiga hawasha. Mai gona a ƙarshen tur'a shi ne na ƙarshen sha, kuma shi ne na farkon ƙishi. Kowace damina Shuɗin Nilu yana kawo laka daga Habasha ta toshe magudanai, ciyawa ta biyo, katantanwar tsargiya da sauro su samu gida. Mai iko a idon talaka ba wani shugaba ba ne a Barakat, hedkwatar aikin, gafir ne mai mabuɗin ƙofar ruwa, da mufattish, mai duba gonaki, da ke bayansa. Dodonki a ƙofar nan ya kamata ya zauna.

Iri kuma. Marubuta suna son irin nan da aka ce ba ya tsira karo na biyu. An yi masa rajista a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, ba a taɓa sayar da shi ba. Ba a ma bukatarsa. Irin aure kaɗai ya isa: ka ajiye 'ya'yansa ka shuka, gona ta fito wani dogo wani gajere, albarka ta ragu, ka koma shago. Audugar Bt, wadda aka gyara ta riƙa yin gubar ƙwari da kanta, ta shigo Sudan a 2012. Tana kashe tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, amma ba ruwanta da farin ƙuda da sauran masu tsotsa, kuma farin ƙuda shi ne ke sa kaɗa ta yi danƙo ta faɗi a kasuwa. A Indiya jar tsutsa ta saba da gubar cikin 'yan shekaru. Ki bar wa kamfanin naki irin wannan ciwon kai, kada ya zama mai iya komai.

Wuta ma haka. 'Yan tayi ana ajiye su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma kullum tururi yake yana raguwa, sai ana ƙarawa. Firjin gwaji in wuta ta ɗauke, cikin sa'o'i ya fara saki. Rumbun adana iri na hukumar binciken noma a birnin Madani yaƙin Sudan ya taɓa shi bayan Disamban 2023, har aka kai wasu irin dawa da gero rumbun Svalbard na Nowe a Fabrairun 2025. Ɗakin gwajinki sai dai kusa da Rusairis ko Sinnar inda ake samar da wuta. Duk mai son karya kamfanin, waya zai yanke, ba ƙofa zai fasa ba.

Ɗiyar Madani ta sake rubutawa:

Baffa na gode, Yaya na gode. Na soke wata 6, na soke cirar auduga. To amma yanzu Ta-kitse ta rasa dalilin zuwa duniya. Idan ba lebura ba ce, me sarki yake nema a jikinta? Kuma ina jin tsoron kimiyyar ta danne tatsuniyar, a wayi gari littafin ya zama darasin aji.

Inna ta Maiwurno ta amsa:

Ɗiyata, ba za ta danne ba matuƙar kin riƙe sharaɗi. Tatsuniyoyinmu masu ban tsoro duk a kansa suke tafiya. A ba ka abu, a ce amma kada kaza, kuma mai sauraro ya san tun daga nan cewa sai an yi kazan. Dodo ma ba haka kawai yake faɗa wa mutane ba. Mace ce a bakin kogi ruwa ya hana ta ƙetarewa, ko kaya ya gagare ta ɗauka, ko haihuwa ta ƙi, ya ce zan yi miki, me za ki ba ni? Ta yi alkawari da bakinta don tana ganin ranar biya da nisa. Shekaru su wuce, yarinya ta isa aure, sai ga shi a ƙofar gida, kuma gaskiya tana wajensa. Abin tsoron ke nan, ba haƙoransa ba. Shel ɗin da Baffa ya kawo ya zauna daram a nan. Ki sa uwar ta dangwala hannu da kanta, a gaban shaidu, ba wanda ya daka mata tsawa.

Kishiyoyi kada ki mai da su shaiɗanu. Mata ne da suke daka da tuƙi a zafin Jazira, ga wata a ɗaki mai sanyi ba ta ɗaga tsinke, kuma ba wanda ya gaya musu dalili. A naki labarin sirrin kamfani ne ya hana a faɗa musu. Ran da suka fitar da ita, a ganinsu adalci suke yi. Tsuntsun da ke kai wa sarki labari a bakin dāga kuwa, ki bar masa waƙarsa. Baiti gajere, a maimaita sau uku, na farko a kore shi, na biyu a yi shakka, na uku a gane, lokacin an makara. Ko saƙon waya ne, ko yaron da ke kai shayi, ki kiyaye ukun nan. Ƙwai da tsohuwa take ba 'yar bora da 'yar mowa, ɗaya arziki ɗaya masifa, ga shi nan a farantin likita mai zaɓen ɗan tayi, ba sai kin nuna da yatsa ba.

Wani abu da marubutan irin wannan labari na wasu ƙasashe ba su da shi, ke kina da shi: mutanenki Musulmi ne, za su tambayi malam. 'Yar wa ce? Wa zai zama waliyyinta? Tana da gado? Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta kwafin mutum a zamanta na Jidda a 1997. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa halatta kishiya ta ɗauki cikin ƙwan kishiyarta a 1984, ta janye a 1985 don gudun cakuɗar nasaba. Saboda haka a kambo ɗinki za a samu limamin da ya ƙi ɗaura auren, da wanda kamfani ya gina wa masallaci. Ga kuma nono. A mazhabar Malikiyya da muke bi, shayarwa ko sau ɗaya ce, in ta isa ciki a cikin shekarun shayarwa, ta haramta aure. Idan mace ɗaya ta shayar da jarirai goma na ɗakin gwaji, duk 'yan uwa ne, kuma idan an taɓa kai mata ɗan sarki lokacin da uwarsa ba lafiya, to tsohuwar nan tana riƙe da maganar da za ta rushe fada, ba ta bukatar ko takarda.

Ba a tatsuniya da rana, kowa ya sani. Ki buɗe kowane babi da dare, wata tsohuwa tana cewa ga ta nan ga ta nanku, yara suna cewa ta zo mu ji ta, alhali abin da take ba su labari a bayan katangarsu yake faruwa, ita kuma ba ta da wata hanyar faɗarsa da ba za a kama ta ba.

Ɗan Gadarif ya ƙara da cewa:

Inna ta ba ki sharaɗi, ni ga dalilin zuwanta duniya: ɓargo. Ɗan sarki yana da sikila. Ba baƙuwar cuta ba ce a cikinmu, harafi ɗaya ne ya canja a ƙwayar HBB, kuma AS biyu in sun yi aure kowane ciki yana da ɗaya cikin 4 na zama SS, shi ya sa Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004. Dashen ɓargo yana warkar da ita, amma an fi samun nasara in an samu wanda tambarin garkuwar jikinsa ya yi daidai da na marar lafiya. Tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya damar ɗaya cikin 4 ce. Haɗa da sharaɗin kada shi ma ya zama SS, 3 cikin 4, ya zama 3 cikin kowane 'yan tayi 16. Haihuwar yaro domin ya ceci ɗan uwansa ba ƙage ba ce, an yi a Amurka a 2000, aka haifi Adam Nash aka yi wa yayarsa dashe da jinin cibiyarsa. A naki labarin an binciki kambo gida-gida aka samu tsohuwa ɗaya da ta dace, amma ta tsufa da bayarwa, sai aka kwafe ta. Kin ga ƙaton san nan na tatsuniya da sarki ya karɓe. Sai dai ki gyara lissafin shekaru: in sarki ne mai auren, ɗansa ne mai ciwon, auren hanya ce kawai ta tsare ta a cikin gida.

Ana ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya, da allura mai kauri, huda da yawa, iyaka mililita 20 a kowane kilo na mai bayarwa, ya maye gurbinsa cikin makonni. Kuma a nan RYR1 ɗin nan zai yi miki aiki biyu. Iskar sa barci da aka saba da ita za ta tayar mata da ciwon a kan gadon tiyata, dole a yi mata da allurar jijiya ko ta kashe ƙugu. Likitan da bai ga fayil ɗinta ba zai kashe ta da niyyar taimako. Shawarata kada kamfani ya sa mata larurar da gangan. Ta gado ta daga tsohuwar, wadda ba ta taɓa shiga tiyata ba balle a sani, ko kuma yankan CRISPR ne ya kauce. Ya fi kama da yadda abubuwa suke lalacewa a gaske.

Shi ma ɗan sarki akwai nasa sharaɗin. Kafin dashe sai an kashe tsohon ɓargonsa da magani mai ƙarfi irin busulfan, kwana 4, sannan makonni a keɓe ba garkuwa. Maganin yakan kashe haihuwa. Ko Casgevy, maganin sikila na CRISPR da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Saudiyya a Janairun 2024, mai dala miliyan 2.2 a Amurka, ta wannan ƙofar ake bi. A warke, a rasa magaji, sai an koma wa kamfani neman ɗa.

Dodo na gadi kuma, in har kina son ƙato, ki yi shi marar lafiya. Kashe ƙwayar MSTN yana ninka tsoka, kamar shanun Beljiyam da galibi sai an yi musu tiyata suke haihuwa, amma ci ya ƙaru, zafi ya fi damunsu. Tsawo mai yawa gwiwa da zuciya ke biya. Robert Wadlow mai mita 2.72 ya rasu a 1940 yana shekara 22, daga gyambon da ƙarfen tallafe ƙafa ya ji masa, don ba ya jin ƙafafunsa sosai. Cire jin zafi ta SCN9A ma haka, masu larurar suna tauna harshensu tun suna jarirai, su taka karyayyar ƙafa ba su sani ba. Dodon da ya kai shekara 30 tsoho ne, yana ɗingishi a bakin tur'a, yana warin gyambo.

Sai maganar shaida, in kina son a tona asiri a ƙarshe. Bayan dashe, jinin ɗan sarki DNA ɗin Ta-kitse zai nuna, har da alamar mace, yayin da gashinsa yake nan nasa. Idan shingayen kamfani da ɗigon jini suke tantance mutane, na'ura za ta karanta shi a matsayin kayan kamfani da ya tsere. Matar da ta ɗauki cikinta ma ƙwayoyin jaririyar suna zama a jikinta, an same su a jinin wata uwa shekara 27 bayan haihuwa a binciken 1996, sai dai kaɗan ne ƙwarai, na'urar shinge ba za ta gani ba, sai gwaji na musamman. Don haka tun babin farko ki tsayar da abin da masu gadi suke ɗauka, jini ko goge cikin kunci, ki nuna shi sau biyu ko uku yana aiki lafiya lau a kan talakawa. Goge kunci yakan fito a gauraye ga wanda aka yi wa dashe, saboda fararen ƙwayoyin jini da ke cikin miyau, don haka in tsabtataccen sakamako kike so, jini za ki zaɓa.